Abin Da Numfashi Ke Ɗauke Da Shi

Mai tari da mai atishawa ake gudu. Wanda ya zauna tsit yana numfashinsa ba mai kula shi, alhali shi ma yana iya rabon cuta.

A 2018 Farfesa Donald Milton da abokan aikinsa na Jami'ar Maryland a Amurka suka fitar da sakamakon wani gwaji. Sun zaunar da mutum 142 masu murar infuluwenza gaban wata na'ura, kowa ya yi rabin awa yana numfashi a cikinta. Sai ga ƙwayar cutar da ranta a iskar wasu da ko tari ɗaya ba su yi ba. Daga ina ta fito? Can ƙasan huhu akwai 'yan siraran hanyoyin iska da ke manne wa juna idan an fitar da numfashi. Da an ja iska sai su buɗe, ɗan ruwan da ke jikinsu ya tarwatse ya zama ɗigo-ɗigon da ido ba ya gani.

Manyan ɗigon su faɗi ƙasa nan kusa. Ƙananan kuwa sai su bushe tun ba su kai ƙasa ba, su yi ta yawo kamar hayaƙin turaren wuta a ɗakin da aka rufe. William Wells, wani injiniya a Jami'ar Harvard, ya bayyana haka tun 1934.

Atishawa ɗaya tana iya tura gajimaren ɗigo har mita 7 zuwa 8.

Ɗaga murya ma yana ƙara yawan ɗigon, waƙa kuma ta fi. Ran 10 ga Maris 2020 mawaƙa 61 suka taru yin atisaye a garin Mount Vernon na jihar Washington, ɗaya daga cikinsu yana da korona. Awa biyu da rabi suka yi. Mutum 53 suka kwanta, biyu suka rasu.

Na jirgin sama ya fi ba ni mamaki. A 1977 wani jirgi mai ɗauke da mutum 54 ya samu matsalar inji a Homer ta jihar Alaska. Awa uku yana tsaye a ƙasa, na'urar sauya iska a kashe, yawancin fasinja na zaune ciki tare da wata mai infuluwenza. Kafin kwana uku kashi 72 cikin ɗari sun kamu. Ba taɓa juna ya jawo ba, iskar ce ta rasa hanyar fita.

Sarkin cututtukan da ke bin iska duka dai ƙyanda, baƙon dauro da iyaye mata a ƙasar Hausa suka sani sarai. Yaro mai ita zai bar ɗaki, ƙwayar ta ci gaba da zama a iska har awa biyu. Cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka kusance shi, 9 na iya kamuwa.

Akwai kuma ɓerayen Masar na birnin Baltimore. A shekarun 1950 Richard Riley da Wells suka ajiye su a saman wani asibiti, aka riƙa tura musu iskar ɗakin masu tarin fuka ta bututu (ita wannan bakteriya ce ke kawo ta, amma hanyar ɗaya ce). Ba su taɓa ganin majinyaci ba, amma wasunsu suka kamu. Da aka sake gwajin, waɗanda aka haska iskarsu da fitilar kashe ƙwayoyin cuta sun tsira.

Duk da wannan, a Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi korona ba ta bin iska. Aka yi ta goge ƙofofi da tebura, tagogi na rufe. Sai a 2021 hukumar ta amince ƙarara cewa a ɗakin da ba ya samun iska, cutar tana kama har wanda ke nesa da mai ita.