Tabarmi a Ƙofar Gidan Malam

Da asubar wata Talata cikin hunturu Malam ya cika, kafin ƙarfe sha ɗaya na safe an kai shi makwancinsa. A Gombe, kamar ko'ina a wajenmu, gawa ba ta jiran na nesa. Ni da nake Tudun Wada ma da ƙyar na samu sallar. Na tare ɗan acaɓa, na ce ya taimaka ya yi sauri, jana'izar malamina za ni a Herwagana. Ya tambaye ni wane malami. Da na faɗa masa bai ce uffan ba, sai ya ƙara wuta, ya riƙa kurɗawa ta lunguna. Muna isa ya jingine babur a jikin katanga, na miƙa masa kuɗi ya kau da kai, ya shiga neman buta. Ashe shi ma ta hannun Malam ya bi, shekara goma bayana.

Sahu ya cika layin har ya karya kwana. Ga masu manyan riguna da direbobinsu ke jira a bakin titi, ga 'yan tireda, ga teloli, ga wani likita da ya fito daga Asibitin Koyarwa na Tarayya da katin aiki rataye a wuyansa. Kafin a ta da kabbara liman ya yi sanarwar da aka saba: duk wanda yake bin mamaci bashi, ko wanda mamaci yake bi, ya ga babban ɗansa. Ba wanda ya motsa. Aka yi kabbara huɗu a tsaye, aka ɗauki makara, kowa na neman ya sa kafaɗarsa ko da taku uku ne.

Malam na cikin samarin da aka kwasa aikin koyarwa a 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowane yaro, yara suka yi wa makarantu ambaliya, azuzuwa suka kasa, aka koma gindin darbejiya da allo a jingine. A lokacin Gombe tana cikin Jihar Bauchi. Ya yi shekara 35 da alli a hannu, kusan dukkansu a firamare guda, ya ajiye aiki a 2011. Bai taɓa zama hedimasta ba, kuma ban taɓa jin ya nema ba.

Ina aji shida aka ba mu jiha, ranar 1 ga Oktoba 1996. Da muka koma makaranta gari bai gama murna ba, mu kuma mun sa rai ranar ba karatu. Malam ya shigo, ya goge allo tas, ya zana wata taswira da ba mu taɓa gani ba, ya ce kowa ya buɗe littafi. Ƙananan hukumomi goma sha ɗaya ya sa muka haddace, daga Akko har Yamaltu-Deba, yana nuna kowace da tsinken bulalarsa: ga Nafada can sama a bakin kogin Gongola, ga Kaltungo da Billiri da Shongom a kudu. Ya ce wanda aka ba gida bai san ɗakunansa ba, baƙo ne. Shi ne kuma ya fara gaya mana cewa Modibbo Buba Yero, wanda ya kafa masarautar, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne kafin ya zama mai tuta, kuma daga Gombe Abba sarautar ta taso, ta yi zama a Nafada, sannan ta sauka nan Doma a 1919. Ya fi son maimaita zancen almajirancin. Mu dai abin da ya dame mu a lokacin shi ne bulalar.

Daga maƙabarta aka dawo aka shimfiɗa tabarmi. Wanda bai taɓa zama wurin makoki daga safe zuwa magariba ba, ba zai san yawan aikin da kalma biyu take yi ba. Mutum ya zo, ya cire takalmi, ya durƙusa: “Ya haƙuri?” A amsa: “Da godiya.” Ya ce, “Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.” A shafa fatiha, ya ɗan zauna, ya tashi, wani ya maye gurbinsa. Dangin Malam na wajen uwa, Fulanin Dukku, suka zo da yamma suna yi da Fulatanci, kalmar munyal tana ta fita a bakinsu, wato dai haƙurin nan ne. Wani tsohon abokin aikinsa Kirista ya taso tun daga Kaltungo a motar haya, ya tuɓe takalmi kamar kowa, ya zauna kusa da babban ɗan Malam, ya yi shiru na tsawon lokaci. Da ya buɗe baki, cewa ya yi shekara tara suna raba tebur ɗaya a ofishin malamai, kuma duk azumi sai ya fita waje ya ci abincinsa, ba don Malam ya taɓa cewa komai ba.

Ba a hura wuta a gidan ba kwana uku. Kwanuka ne ke shigowa daga maƙwabta, tuwo da miyar kuka, masa, kunun gyaɗa da safe, kowane murfi da ɗan tabon fenti don kada a rikita na wa ne. Malamai sun kafa wannan da umarnin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayar na a yi wa iyalan Ja'afaru abinci lokacin da labarin shahadarsa ya iso. A nan ba gardama. Gardamar tana kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, wadda wasu ke yi, wasu ke cewa bidi'a ce. Na ga alamar za ta taso a kan tabarmar nan tsakanin wani ƙanin Malam da wani matashi mai ɗangalallen wando, sai wani dattijo ya miƙa wa kowannensu goro, ya tambayi farashin masara a kasuwa. Zancen ya mutu.

Mu tsofaffin ɗalibai muka ware gefe guda muna ba da labari. Wani ya tuna ranar da Malam ya bi shi har kasuwa ya ɗauke shi daga gaban faranti, ya tsaya ya yi wa mahaifinsa magana har ya yarda ya bar shi ya gama aji shida. Wata Hajiya da ta zo wucewa za ta shiga cikin gida ta tsaya daga nesa ta ce Malam ne ya cike mata takardar shiga sakandare da hannunsa. Aka yi dariyar yadda yake kiran wanda ya makara “Mai Martaba”, ya rusuna masa a bakin aji kafin ya zane shi. Ba zan ce bulalar nan duk daidai take ba. Akwai yaron da ya bar makaranta saboda ita, na san shi, kuma ban gan shi a wurin makokin ba.

Babban ɗan Malam yana jinmu. Can da mutane suka ragu, bayan la'asar ta rana ta biyu, ya matso ya ce da ni, ba da ɗaci ba: “Yaya, ku kuka mori Baba. Mu sai ya dawo a gajiye, muryarsa ta dishe, ya ce a yi masa shiru. Wallahi rabin labaran nan yau na fara jin su.” Na rasa amsa. Da ma na zo ne da tunanin ta'aziyya ita ce ka ce a yi haƙuri. Sai na lura duk wanda ya ba da labari, yaron nan sai ya ɗago kai ya tambaya, wace shekara ce, a wane aji, sai me Baba ya ce. Tattara mahaifinsa yake yi daga bakin mutane.

Ranar uku aka yi mini iso wurin uwargida. Ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, don haka daga bakin ƙofa na durƙusa, labule a tsakaninmu.

“Inna, ya haƙuri?”

“Da godiya, ɗan nan. Wane ne?”

Na faɗi sunana da na mahaifina. Ta yi jim. “Kai ne mai rubuta bakwai kamar lauje?”

Ba ta taɓa ganin fuskata ba. Ba ta yi boko ba. Amma shekara da shekaru ita ke goge gilashin fitilar ƙwai, ta zuba kananzir, ta jera littattafanmu a kan tabarma, Malam yana dubawa da jan biro yana ƙorafi a fili, yana kiran sunan mai littafin kamar yana gabansa. A haka ta haddace mu, kowa da aibinsa. Ta tambaye ni wani mai cin kusurwar littafi, ko yana raye. Na ce yana Legas, yana da 'ya'ya huɗu. Na ji ta yi 'yar dariya, sannan ta yi shiru, na ji ana jan majina a hankali. Na yi addu'a na tashi.

Washegari aka naɗe tabarmi, masu rumfa suka zo suka kwance abinsu, aka mayar da kwanuka. Mu gwanayen kwana uku ne, wannan ba mai ƙwace mana. Abin da ke biyo baya ne ba mu cika iyawa ba. Na koma bayan mako biyu na tarar da layin fayau, akuya kwance inda manyan motoci suka tsaya. Babban ɗan ya fito mini da wani fayil a cikin leda, gefunansa sun yi laushi saboda yawan juyawa. Takardun kuɗin sallamar Malam ne. Malam ya yi ta kai-kawo a kansu tun yana iya hawa keke, ana ce masa ya dawo, an biya wani abu, saura ya maƙale a wani ofishi. Na tuna sanarwar liman. Babban wanda Malam yake bi bashi bai zo sahu ba. A 2022 an sa hannu a dokar da ta ƙara wa malamai shekarun aiki zuwa 40, ko shekara 65 da haihuwa, amma irin su Malam sun riga sun fita, abin da suke jira kawai hakkinsu.

Mun yi taron tsofaffin ɗalibai sau ɗaya, a ajinmu na da, manya da mu muna matse a bencin yara. Aka kawo shawarar a sa wa wani gini sunansa, aka yi tafi. Da aka zo batun wa zai ɗauki fayil ɗin ya bi sawu, sai kowa ya duba waya. Daga ƙarshe wata lauya a cikinmu ta sa shi a jakarta. An yi karo-karo, abin da aka tara ya sayi buhun masara da na shinkafa, ya biya wa autar Malam kuɗin jarrabawar fita sakandare. Bai kai yawan motocin ranar jana'iza ba.

Na sake leƙawa wata Litinin da sassafe, zan ba Inna saƙo kafin in wuce aiki. Hazo bai ɗaga ba. A ƙofar gida na ga babur, mai shi ya naɗe fuska da rawani saboda sanyi, sai da ya gaishe ni na gane shi. Ya ce tun bayan kwana bakwai da rasuwar shi ke kai yarinyar makaranta, hanyarsa ce ai. Makarantar tana wajen Pantami, shi kuma na san a Tashar Dukku yake tsayawa. Ya danna ham sau biyu, ya leƙa zaure.

“Ke auta, fito mana. Bakwai ta wuce.”