Na'urar canza giya ta baya a keken tsere

Na'urar canza giya ta baya wani ƙarfe ne da ake ɗaurawa kusa da tsakiyar tayar baya ta keke. Aikinta biyu ne: tana tura sarƙa daga wannan faifai mai haƙora zuwa wancan, kuma tana ja sarƙar don kada ta yi sako-sako. Sunan da aka fi saninta da shi, dérailleur, daga Faransanci ya fito. An fara yarda 'yan tseren Tour de France su yi amfani da ita a shekarar 1937. Ba kowace na'ura ce ke dacewa da kowane keke ba. Abubuwa uku ne ake dubawa.

Girman babban faifai

Kowace na'ura tana da iyakar girman faifan baya da za ta iya ɗauka, kuma da yawan haƙora ake auna shi. Misali, Shimano 105 R7000 mai gajeren hannu tana kaiwa haƙora 30, mai matsakaicin hannu kuma 34. Idan faifan ya wuce iyaka, ƙaramar tayar na'urar ta sama za ta riƙa gogar haƙoransa, giya ta ƙi shiga.

Yawan sarƙar da take iya tattarawa

Idan sarƙa ta sauko kan ƙananan faifai, sai a samu rarar tsawo, hannun na'urar ne ke tattara shi. Ga yadda ake lissafi: a cire haƙoran ƙaramin faifan gaba daga na babba, a yi haka ga na baya, sannan a haɗa. Keke mai 50 da 34 a gaba, da 11 zuwa 34 a baya, yana buƙatar 16 da 23, wato 39. Wannan ya yi daidai da ƙarfin R7000 mai matsakaicin hannu, amma ya fi na mai gajeren hannu, wanda yake 35. Idan aka sa wadda ta gaza, ko dai sarƙa ta riƙa lilo a ƙananan faifai, ko kuma, idan an rage tsawonta, ta ɗame sosai a manyan faifai har ta lanƙwasa na'urar.

Jan kebul

A da, mahayi yakan motsa hannun giya ne har sai ya ji sarƙa ta zauna, saboda haka kusan kowace na'ura tana aiki da kowane hannu. A 1984 kamfanin Shimano na Japan ya fito da tsarin da kowace dannawa ke jan kebul daidai gwargwado. Tun daga nan ya zama dole hannun giya, na'urar, da tazarar da ke tsakanin faifan baya su yi daidai da juna.

Yawancin na'urorin keken tsere na Shimano masu giya 8, 9 da 10 suna motsi iri ɗaya, kuma suna aiki da na keken hawan dutse mai giya 9. Masu giya 11 sun bambanta. Tiagra 4700, duk da giya 10 gare ta, tsarin jan masu giya 11 take bi, don haka ba ta haɗuwa da tsofaffin hannayen giya 10. Kamfanonin SRAM na Amurka da Campagnolo na Italiya kowanne yana da nasa ma'auni, shi ya sa galibi ba a gauraya kayansu da na Shimano.

Na'urorin lantarki

Na'urori irin su Shimano Di2, da ta shigo kasuwa a 2009, ba sa amfani da kebul ɗin ja; ƙaramin inji ne ke motsa su. Duk da haka iyakar babban faifai da ta tattara sarƙa suna nan, kuma na'urar tana aiki ne kawai da maɓallan da aka ƙera domin tsarinta.