Gida kusa da makaranta mai suna, ko gida mai sauƙin kuɗi? Lissafin da ya kamata iyaye su yi a kudancin Kogin Kaduna

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar gida za mu yi. Da yawa cikinmu mun kai shekarun da ake aure, ana haihuwa, ana shiga adashe da niyyar wata rana a bar gidan haya. To idan kuɗin ya ɗan taru, sai tambaya ta taso. Mutum ya matse ya saya a Barnawa ko Narayi High Cost, inda makarantu masu suna suke kusa? Ko ya miƙa can Kamazou, Mahuta, Gonin Gora ko Maraban Rido, inda fili ya fi araha, yara su riƙa yin tafiya? Dillali zai gaya maka amsar da ta fi masa la'ada. Mu bari mu zauna mu yi lissafin da kanmu.

Bari mu fara da inda wannan tunanin ya samo asali, don da yawanmu a intanet muka tsince shi. A Amurka, yawancin yara makarantar gwamnati ta yankin da gidansu yake suke zuwa, kuma kaso mai yawa na kuɗin gudanar da makarantun daga harajin gidajen yankin yake fitowa. Unguwa mai gidaje masu tsada, makarantarta ta fi samun kuɗi. A Ingila ma, idan masu nema sun yi wa makaranta yawa, sau da yawa kusancin gida ake dubawa. Shi ya sa a can, wanda ya sayi gida a wani layi, kusan ya saya wa ɗansa kujera a aji ne.

A Kaduna abin ba haka yake ba. Adireshinka ba ya ba ɗanka kujera a ko'ina. Makarantar kuɗi za ta karɓi yaro daga Kudenda kamar yadda za ta karɓi na bayan katangarta, muddin ya ci jarrabawar shiga kuma an biya. Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Malali ta hanyar jarrabawar da NECO ke shiryawa ake shiga. Sakandaren Command ta sojoji tana da tata jarrabawar. Zama a Kakuri ba ya sa Kwalejin Sarauniya Amina ta ɗauki 'yarka kai tsaye. Ke nan idan ka biya ƙarin miliyoyi don ka zauna kusa da makaranta, abin da ka saya shi ne gajartar hanya. Abu ne mai daraja, amma ka san sunansa, don ka iya yi masa farashi.

To me ya sa hanya take da tsada haka a wannan ɓangaren na gari? Ku dubi yadda garin ya girma. Kudancin kogi masana'antu ne suka raya shi. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai ta buɗe a 1980. Ma'aikata suka cika Kakuri, Makera, Nasarawa da Television. Barnawa kuma ta zama unguwar da aka tsara, mai layuka da manyan fulotai. Bayan rikicin 2000 da na 2002, dubban iyalai sun sauya unguwa, kowa ya koma inda hankalinsa ya fi kwanciya, sai Sabon Tasha, Unguwar Romi, Unguwar Boro da Gonin Gora suka cika da jama'a cikin ƙanƙanin lokaci. Gidaje sun riga tituna da makarantun gwamnati isa wuraren. Giɓin nan ne makarantun kuɗi suka shigo suka cike, wasu da gaske, wasu kuma a gidan haya mai ɗaki huɗu.

Sannan ga kogin kansa. Duk wanda yake kudu amma makarantar ɗansa tana Malali, Unguwar Rimi ko Kawo, dole ya bi ta gada: ta wajen filin wasa na Ahmadu Bello, ko ta titin Nnamdi Azikiwe, ko ta titin Yakowa, ko sabuwar da ta haɗa Kabala Costain da titin Aliyu Makama a Barnawa. Sababbin gadojin sun rage wahala ƙwarai, amma kowa ya san yadda hanyar Sabon Tasha zuwa Television take da ƙarfe bakwai na safe. Kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin keke da na motar makaranta suka zama wani kuɗin makaranta na biyu.

Yanzu mu yi lissafi. Lambobin nan na misali ne, kowa ya cire ya sa nasa. Mu ƙaddara gida biyu. Na farko yana kusa da makarantar da kake so, yara da ƙafa za su je, amma ya fi na biyu tsada da naira miliyan 6. Na biyu yana can bayan gari, kowane yaro zai ci naira 1,500 a rana, zuwa da dawowa. Kana da yara biyu, 3,000 ke nan kullum. Mu ce kwanakin makaranta 180 ne a shekara, ya zama 540,000. Daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare shekara 9 ne, ya zama 4,860,000. A nan gidan nesa ya ɗan fi sauƙi. Amma Allah ya ƙara maka na uku, lissafin ya koma 810,000 a shekara, 7,290,000 a shekara 9. Kun ga gida mai araha ya wuce mai tsadar a kashe kuɗi, kuma mun yi kamar kuɗin mota ba zai tashi ba, alhali mun san zai tashi.

Akwai abu biyu da ya kamata a ɗora a kan wannan lissafin, ɗaya a kowane ɓangare. Miliyan 6 ɗin da ka ƙara a gida yana nan cikin gini, ranar da ka sayar zai dawo, ƙila har da riba, kuɗin keke kuwa ya tafi ke nan. A ɗaya ɓangaren, miliyan 6 ɗin yanzu ake so a dunƙule, shi kuwa kuɗin mota kaɗan-kaɗan ake fitarwa daga albashi. Idan sai ka ci bashi mai ruwa, ko ka sayar da jarin shagonka kafin ka cike, to nauyin ya sauya. Ma'aikacin da ake cire masa kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa yana da damar neman rance a Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwa kashi 6, a biya har cikin shekara 30, amma sai fili mai takarda tsaftatacciya, kuma ba a rana ɗaya ake samu ba.

Sai abin da ba ya shiga kalkuleta. Yaro ɗan shekara shida da ake tasa da asuba, a yi masa wanka cikin sanyin hunturu, ya yi awa guda a hanya, ya dawo bayan la'asar a gajiye, yaushe zai yi aikin gida, yaushe zai yi wasa, yaushe zai je Islamiyya ko darasin coci? Sannan wa ke kai su, wa ke ɗauko su? A gidaje da yawa uwar ce take rufe shago ko ta bar wurin aiki da wuri. Wannan ma kuɗi ne, ko da ba a rubuta shi a rasit ba. 'Yan uwa maza, kafin ku biya kafin alƙalami, ku zauna da matanku a yi wannan maganar.

To, mu koma kan fili mai araha. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Idan fili ya yi sauƙi fiye da na maƙwabta, akwai dalili, aikinka ne ka nemo shi. Dalili na farko tsaro. A watan Yulin 2021 an sace ɗalibai sama da 120 a sakandaren Bethel Baptist da ke Damishi, a hanyar Kaciya, cikin ƙaramar hukumar Chikun, kuma unguwannin gefen gari da dama sun sha fama da masu garkuwa a shekarun nan. Ka tambayi mazauna layin yadda dare yake, nawa suke haɗa wa 'yan sintiri a wata, ka sa shi a lissafi. Na biyu ruwa. Kogin Kaduna ya yi babbar ambaliya a 2003, kuma kusan duk damina gidajen da ke bakin kogi da bakin rafi suna cikin fargaba. Kada ka duba fili da rani kawai. Ka je a watan Agusta ko Satumba ka ga hanyar da yaranka za su bi. Na uku takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, don haka takardar mai unguwa ita kaɗai ba ta isa kariya ba. Ka je KADGIS a bincika maka fayil, ka tabbatar akwai C of O ko ana iya samunta, ka nemi izinin gini daga KASUPDA. Rikicin fili da aka shafe shekaru ana yi tsakanin mazauna Gbagyi Villa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ya isa darasi ga kowa.

Yanzu ita makarantar mai sunan, ya kuke auna ta? Gini mai fenti da mota mai rubutu ba sa koyar da karatu. Gida ana sayensa ne don shekara talatin ko fiye, firamare kuwa shekara 6 ce. Cikin wannan lokacin mai makaranta zai iya rasuwa, 'ya'ya su raba gado, hedimasta ya koma wani wuri da malamansa, ko mai gidan da suke haya ya ba su notis su tashi. Ka wayi gari ka biya tsadar zama kusa da makarantar da ta bar unguwar. Don haka ka yi tambayoyi. Ginin nasu ne ko haya? Suna da rajista da hukumar tabbatar da ingancin makarantu ta jiha? Malamai nawa ne suka shekara biyar a wurin? Yara nawa ne a aji? Sau nawa suka ƙara kuɗi cikin shekara uku? Idan sakandare ce, sakamakon WAEC da suke liƙawa a ƙofa, yaran ne suka rubuta ko rubuta musu aka yi? Hanya mafi sauƙi ita ce ka samu yaron maƙwabci ɗan aji huɗu, ka ba shi littafin da bai taɓa gani ba ya karanta, ya gaya maka abin da ya fahimta. Minti biyar ya ishe ka ka san fiye da abin da ke cikin takardar talla.

Babban tarkon da nake so mu kauce masa shi ne mutum ya zuba komai a gini a unguwa mai tsada, sai zango ya zagayo a koro yara saboda kuɗin makaranta. Yana kallon makarantar daga tagarsa, amma 'ya'yansa ba sa ciki. Ga kuma gasar maƙwabta, wadda ke sa mutum kashe abin da ba shi da shi. Shi ya sa nake ba da shawarar a juya tsarin. A fara da kuɗin makarantar da za ka iya biya wa dukkan yaranka, zango uku a shekara, ko da kasuwa ta tsaya wata biyu. A nemi makarantu biyu ko uku masu kyau a wannan farashin, don in ɗaya ta lalace akwai wata. Sai a nemi gida mai takarda, wanda ruwa ba ya ci, a tazarar da yaro zai iya kaiwa cikin minti ashirin ba tare da ya tsallake gada ba. Sau da yawa amsar tana tsakiya, a layukan ciki na Narayi, Unguwar Sunday ko Television, inda kake kusa da makarantun ba tare da ka biya farashin babban titi ba. In kuma kana shakka, ka kama haya a unguwar shekara ɗaya, ka ga raninta da daminarta kafin ka saya. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Kafin mu rufe, akwai maganar da ta shafe mu duka. Duk wannan lissafin muna yinsa ne saboda mun cire rai daga makarantar gwamnati da ke bayan gidanmu. Alhali dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su ta ɗauki sababbi. An yi ta cece-kuce a kan yadda aka yi abin, amma ya nuna mana zurfin matsalar. Mafi yawan iyaye a Kakuri da Nasarawa ba su da zaɓin da muke tattaunawa yau, makarantar unguwa ita ce ta 'ya'yansu. Kowace makarantar gwamnati ya kamata tana da kwamitin al'umma da ke sa ido a kanta. Mu da muka yi karatu, mu shiga. Mu san ko malamai suna zuwa, ko akwai kujeru, ko akwai banɗaki na 'yan mata, mu tambayi kansila da SUBEB a rubuce. Ranar da firamaren layinku ta gyaru, kuɗin keke ya ragu, kuma darajar gidanka ta tashi ba tare da ka ƙara bulo ɗaya ba.

Ku faɗa mana a ƙasa: wace unguwa kuke, nawa kuke kashewa a kai yara makaranta a wata, kuma minti nawa suke yi a hanya? Za mu tattara amsoshin mu dawo da su a shiri na gaba. Ku tura wa wanda kuka san yana neman fili.