Kyankyaso da gara 'yan gida ɗaya ne

Ana yawan cewa kyankyaso ya riga dinoso zuwa duniya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma da sauran bayani. A duwatsun da ake haƙo kwal a Turai da Amurka, masana sun samu shatin fukafukan wasu ƙwari masu kama da shi, waɗanda suka rayu fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce. Waɗannan kakanni ne. Matansu suna da dogon tsinke a gindi wanda suke saka ƙwai da shi. Kyankyason da muka sani, mai ƙunshe ƙwansa cikin 'yar jaka, sai a zamanin dinoso ya bayyana.

Wannan jaka ce ke wahalar da matan gida. Ta babban jan kyankyason nan na masai da kwata tana ɗaukar ƙwai kamar 16. Ta ƙaramin da ke ɓuya a kabad ɗin kicin kuwa tana kai 30 zuwa 40, uwar kuma tana yawo da ita har dab da ƙyanƙyasa. Maganin feshi ba ya cika ratsa ɓawonta, shi ya sa za a fesa ɗaki a share gawarwaki, bayan 'yan makonni a ga ƙanana sun fito. Babban jan nan, Turawa suna kiransa na Amurka, alhali asalinsa daga Afirka jiragen ruwa suka ƙetara da shi.

Daga waɗancan kakanni ne ƙoƙi-ƙoƙi ya fito. Amma dangin da ya fi kusa, gara ce. A 2007 masana a gidan adana tarihin halittu na Landan suka bi diddigin ƙwayoyin gado, suka nuna cewa gara reshe ce a cikin zuriyar kyankyaso, wadda ta koyi zaman taro da rabon aiki. Akwai shaida mai rai: wani kyankyaso marar fiffike da ke zaune cikin ruɓaɓɓun kututture a Amurka da gabashin Asiya. Itace yake ci. Uwa da uba suna zama tare da 'ya'yansu, suna ciyar da su ruwan da ke fita daga hanjinsu, ta nan 'ya'yan ke gadon ƙananan halittun da ke narkar da itace. Irin waɗannan halittu suna nan a cikin wasu nau'o'in gara, kuma haka suke miƙa wa juna su.

Ke nan wanda ya soya gina, wato gara mai fiffike, da gishiri a farkon damina ya ci dangin kyankyaso, ko ya so ko bai so ba. Ba abin tayar da hankali ba ne. Nau'in kyankyaso ya haura 4,000, kuma kamar 30 ne kawai ke raɓar gidajen mutane. Yawancin sauran suna daji ƙarƙashin ganye da ɓawon itace, suna cin abin da ya ruɓe suna mayar da shi taki.