Zaɓen Injin Babbar Jif Ta Hannu: Fetur Ko Dizal?

TAFA – Garin Tafa, wanda ke kan babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, ya daɗe da zama zangon tankokin mai da tireloli, kuma ba shi da nisa da daffon mai na Suleja. Saboda haka 'yan kasuwa da 'yan kwangilar wannan yanki sun san muhimmancin man dizal, wanda direbobi suka fi kira man gas. Amma idan aka zo batun sayen babbar jif ta hannu, irin su Land Cruiser da Prado da Pajero, da yawa sukan duba fenti da kujeru, su manta da inji, alhali kuwa a nan ne riba ko asara take.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani shi ne, sunan mota ɗaya kan zo da injuna iri-iri. Land Cruiser jerin 80, wadda Toyota ta ƙera daga 1990 zuwa 1997, tana da injin fetur 1FZ-FE mai lita 4.5, da injin dizal 1HZ mai lita 4.2, da kuma 1HD-T mai tabo. Jerin 100, daga 1998 zuwa 2007, ya zo da injin fetur mai silinda takwas, wato 2UZ-FE mai lita 4.7, da na dizal 1HD-FTE. Jerin 200 kuwa, daga 2007 zuwa 2021, yana da injin dizal 1VD-FTV mai lita 4.5, da injunan fetur har zuwa mai lita 5.7. Haka nan Prado tana da fetur mai lita 2.7 ko 4.0, da dizal mai lita 3.0, Pajero kuma tana da dizal mai lita 2.8 ko 3.2.

Abu na biyu shi ne ƙasar da motar ta fito. Toyota ba ta sayar da Land Cruiser mai dizal a kasuwar Amurka ba, kuma Lexus LX470 da LX570 masu fetur ne. Tun da yake jif-jif ɗin hannu da yawa daga Amurka ake shigo da su, masu fetur ne suka fi yawa a wuraren dillalai. Masu dizal kan fito daga Turai da ƙasashen Larabawa, ko daga gwanjon ƙungiyoyin agaji da kamfanonin gine-gine. Waɗanda suka fito daga Japan da Ingila da Ostareliya kuwa sitiyarinsu a dama yake. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, dokokin hanya kuma ba su yarda da mota mai sitiyarin dama ba. Juya sitiyari aiki ne mai tsada, idan kuma ba a yi shi da kyau ba yakan jawo hatsari.

Dangane da kuɗin mai, injin dizal ya fi na fetur tsimi, galibi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Ga misali, tafiyar da mai fetur za ta sha lita 100, mai dizal za ta sha wajen lita 75. Wannan na nufin mai dizal tana da riba muddin farashin litar dizal bai ɗara na fetur da fiye da kashi ɗaya cikin uku ba. Wannan lissafi ya sha sauyawa a Najeriya. Gwamnati ta janye hannunta daga ƙayyade farashin dizal tun cikin shekarun 2000, amma ta ci gaba da ba da tallafi kan fetur. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, farashin dizal ya ninka fiye da sau biyu, fetur kuma yana nan da tallafinsa, sai masu motocin dizal suka ji a jikinsu. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, tazarar ta ragu ƙwarai. A 2024 kuma matatar Ɗangote da ke Legas ta fara sayar da dizal ga 'yan kasuwa.

Samun man kansa ba matsala ba ne a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, domin manyan motoci da shi suke aiki, gidajen man Tafa da Sabon Wuse da Suleja kuma sun saba da cinikinsa. Hasali ma, a lokutan layin fetur, mai motar dizal yakan sha mai ya wuce. Sai dai abin ya bambanta a ƙauyuka, inda wasu ƙananan gidajen mai fetur kaɗai suke sayarwa. Mai kai kaya ko duba gona can cikin karkara sai ya cika tanki tun daga bakin titi.

Babban abin tsoro shi ne ingancin man. Dizal ɗin da aka gauraya da kananzir, ko wanda ruwa da datti suka shiga, irin wanda akan samu a jarkokin 'yan bumburutu, yana lalata famfo da nozul. Tsofaffin injuna irin 1HZ, masu famfon da ba ya dogara da kwamfuta, sun fi juriya, kuma makanikan gefen hanya sun san kansu. Sababbin injuna irin 1VD-FTV suna fesa mai da matsi mai ƙarfin gaske, ba sa jure datti ko kaɗan. Bugu da ƙari, motocin Turai na baya-bayan nan an ƙera su ne domin man da sinadarin salfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, ƙa'idar da Tarayyar Turai ke bi tun 2009, kuma suna da matatar hayaƙi a salansa wadda kan toshe idan man ba shi da kyau. Gyara ɗaya na irin wannan na iya cinye tsimin man da aka daɗe ana yi.

Saboda haka, kafin a biya kuɗi, wajibi ne a duba lambar inji da ta shasi a gwada su da takardun kwastan, a tayar da injin da sanyin safiya a lura da launin hayaƙi, a kuma je da makanike wanda ya ƙware a dizal. Bayan saye, a riƙa canza filtar mai a kan lokaci, a tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙarƙashinta, a kuma tsaya ga gidan mai guda da aka amince da shi.

A taƙaice, mai doguwar tafiya da jan kaya, kamar ɗan kwangila ko mai fataucin hatsi tsakanin Suleja da Kano, dizal ya fi dacewa da shi, musamman tsohon inji mai sauƙin gyara. Wanda kuwa zirga-zirgarsa ba ta wuce Tafa zuwa Abuja ba, mai fetur ta fi masa kwanciyar hankali, domin kayan gyaranta sun fi samuwa, masu sayenta kuma sun fi yawa ranar da ya tashi sayarwa.