Mizanin Harsashi Wajen Harbin Dabbobin Ɓarna

A ƙasashen da gonaki ke da faɗi, ma'aikatan gona kuwa 'yan ƙalilan ne, kamar Amurka da Ingila da Ostireliya, harbin dabbobin ɓarna ya zama sana'a mai zaman kanta, da gwanayenta da littattafanta da saɓanin mazhabobinta. Manomi yakan ɗauki maharbi, ko shi da kansa ya fita da dare, don ya rage zomayen da ke cinye masa shuka, ko yanyawar da ke ɗauke masa 'yan raguna ranar da aka haife su, ko kuwa koyote, wani irin dila na Amurka. Mas'alar da ta fi raba kan waɗannan maharba ita ce ta harsashi, wato wane ne ya cancanta a ɗura wa bindiga. Da yawansu, musamman samari, zukatansu sun karkata ga gudu, duk harsashin da ya fi sauri shi ne gwani a wurinsu. Ni kuwa abin da nazari ya nuna mini shi ne, harsashin da ya dace shi ne mafi ƙanƙanta daga cikin waɗanda za su iya kashe dabbar nan take a nisan da ake harbinta, kuma ba a gama yi masa hukunci ba sai an tambayi inda yake zuwa idan ya kuskure ta.

Abin da muke kira harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanso na tagulla, da albarushi a cikinsa, da ɗan maganin da ke yin tartsatsi idan aka buge shi, sannan ƙwayar darma a baki, wadda ita kaɗai ke fita. Lambar da ake kiran harsashi da ita, kamar .22 ko .17, faɗin ƙwayar ne bisa awon inci, na farko kimanin milimita 5.6, na biyu kimanin 4.4. Nauyinta kuwa Turawa suna auna shi da giren, awon da asalinsa ƙwayar sha'ir ce, kamar yadda fuƙaha'unmu suka ƙiyasta miskali da ƙwayoyin sha'ir 72. Giren 40 ya yi daidai da giram 2.6. Bindigar da ake magana a kanta tana da layuka masu murɗawa a cikin bututunta, su ne ke sa ƙwayar ta fita tana juyawa kamar katantanwar da yaro ya murza, ta haka take tafiya da kanta gaba ba ta wuntsila ba. Sai kuma wani bambanci wanda dukan muhawarar ta ginu a kansa: a waɗansu harsasai maganin tartsatsin yana cikin leɓen gindin kwanson, a waɗansu kuwa yana cikin wata 'yar hula a tsakiyar gindin. Mai leɓe dole kwansonsa ya zama siriri don allurar bindiga ta iya matse shi, saboda haka ba ya jure albarushi mai yawa, kuma ba a sake cika shi. Mai hula a tsakiya kwansonsa kakkaura ne, yana ɗaukar wuta mai tsanani, ana kuma iya sake ɗura shi sau da dama.

Dattijon wannan zuri'a shi ne .22 Long Rifle, wanda kamfanin Stevens na Amurka ya fitar a 1887, ya kuwa samo asali daga ɗan gajeren harsashin da Smith & Wesson suka yi tun 1857. Mai leɓe ne, ƙwayarsa giren 40, tana fita da gudun mita 320 zuwa 380 a sakan ɗaya. Falalarsa ba ta ɓuya: araha gare shi, ba ya naushin kafaɗa, kuma da yake sauti yana tafiya kimanin mita 343 a sakan, nau'insa da aka yi don ya kasa gudun sauti ba ya yin tsawar da ke firgita garke ko ta tayar da maƙwabta, shi ya sa masu harbin zomo da dare a Ingila ba su rabuwa da shi. Amma fa yana da illa biyu. Ta farko, nauyin ƙasa yana jan kowace ƙwaya daidai wa daida, mai sauri da mai nawa, abin da ya bambanta su shi ne daɗewa a hanya. Wannan kuwa yakan ci kusan sulusin sakan kafin ya kai mita 100, saboda haka idan an daidaita bindigar a mita 50, a mita 100 sai ƙwayar ta faɗi ƙasa da inda aka auna da kimanin taƙi guda, alhali kan zomo bai kai faɗin tafin hannu ba. Illa ta biyu ta fi muni. Ƙwayarsa dunƙulalliyar darma ce mai tafiyar hawainiya, idan ta bugi dutse ko busasshiyar ƙasa ko fuskar ruwa ba ta farfashewa, sai ta yi tsalle ta kama wata hanya wadda maharbin bai nufa ba, kuma ba shi da ikon mayar da ita. Ba banza ba masu yin sa suke rubutawa a jikin kwalinsa cewa hatsarinsa yana kai mil guda ko fiye.

Don gyara illar farko kamfanin Winchester ya fitar da .22 Magnum a 1959, mai gudun kimanin mita 570 a sakan, ya kuwa yi amfani gwargwadon hali. Gyara na haƙiƙa bai zo ba sai 2002, lokacin da mutanen kamfanin Hornady suka ɗauki kwanson Magnum ɗin suka tsuke bakinsa, suka ɗora masa 'yar ƙwaya mai giren 17, suka kira shi .17 HMR. Gudunta mita 775 ne a sakan. A nan ne ya kamata mai karatu ya riƙe wata ƙa'ida ta ilimin lissafi, domin ita ce mabuɗin babin duka: ƙarfin bugun ƙwaya yana ƙaruwa da nauyinta ninki bisa ninki, amma yana ƙaruwa da gudunta ninkin ninki, wato idan aka ninka gudu sau biyu ƙarfi ya ninku sau huɗu. Shi ya sa wannan 'yar ƙwaya, wadda ba ta kai rabin nauyin ta .22 Long Rifle ba, take fita da kusan ninki biyu na ƙarfinta, tana tafiya kusan a miƙe har ta wuce mita 100, kuma saboda saurinta da siririyar rigar jan ƙarfen da aka sa mata, galibi takan tarwatse da zarar ta taɓa abu mai tauri. Na ce galibi, ban ce kullum ba. A ganina, ga zomo da hankaka da kurege a fili, tsakanin mita 60 da 130, babu wanda ya kama ƙafarsa cikin masu leɓe. Aibinsa shi ne ƙara da tsada, da kuma ɓata nama idan ba a kai aka samu dabbar ba, abin da ke da muhimmanci ga wanda ke nufin ci, tunda malaman Malikiyya na baya, irin na birnin Fas, sun halatta cin abin da aka farauta da darma idan an ambaci sunan Allah.

Da zarar an tsallaka zuwa masu hula a tsakiya, an shiga wata duniya dabam, ko da yake lambar ba ta sake ba. Mafi tawali'unsu shi ne .22 Hornet, wanda aka gwada a ma'aikatar makamai ta Springfield, Winchester suka fara sayar da shi a 1930; ƙwayarsa giren 45, gudunta kimanin mita 820, ƙarfinta ya ninka na Long Rifle sau biyar, albarushinsa kaɗan, ƙararsa da dama-dama. Bayansa .222 Remington ya zo a 1950, ya yi suna wajen daidaito har ya daɗe yana lashe gasar harbi, sai ƙanensa .223 Remington, ɗan'uwan harsashin soja mai lamba 5.56, ya fito kasuwa a 1964 ya ture shi saboda yawa da sauƙin samu. Shi .223 yana jefa giren 55 da gudun kusan mita 990, wato ƙarfinsa ya ninka na Long Rifle kimanin sau goma, alhali dukansu biyu .22 ake kiransu, kuma wanda bai sani ba sai ya zaci abu ɗaya ne. Can ƙololuwa akwai .22-250, wanda Remington suka karɓa a 1965, da .220 Swift na 1935 wanda ya haura mita 1,200 a sakan, da .204 Ruger na 2004. Sun fi dacewa da filayen yammacin Amurka, inda ake harbin koyote da kuregen rami daga mita 300 ko fiye, ba gida ba bukka har iyakar gani. A can suna da hujja. A ƙaramar gona kuwa israfi ne, suna ƙona maƙogwaron bindiga da wuri, suna kurmantar da mai harbi, kuma ba su ƙara wa zomon da ke mita 80 mutuwa a kan wadda ƙaramin harsashi zai ba shi ba.

To, me ya hana a tsaya ga mafi ƙanƙanta kawai a huta? Abin da ya hana shi ne haƙƙin dabbar kanta. Shari'a ta yarda a kashe mai cutarwa, har ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa hankaka da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo ana kashe su ko mutum yana cikin harami. Amma wannan shari'ar ita ce ta wajabta ihsani a cikin kisa, kamar yadda ya zo a hadisin Shaddadu ɗan Ausu, ta kuma hana azabtarwa. Yanyawar Turai takan kai kilo 6 ko 7, koyote ya ninka haka. Wanda ya harbe ta da .22 Long Rifle daga mita 100, inda ƙarfin ƙwayar ya riga ya raunana, kuma ƙiyasin faɗuwarta ya zama zato, mafi yawan abin da zai faru shi ne ya karya mata muƙamuƙi ko ya huda mata ciki, ta ja jiki ta shiga rami ta yi kwanaki tana mutuwa. Wannan zalunci ne, kuma kasancewarta ɓarauniyar kaji bai ɗauke alhakinsa ba. Saboda haka masu tsaron gonaki a Ingila suka fi jingina ga Hornet ko .222 ko .223 idan yanyawa ce, kuma ina ganin sun yi daidai.

Haƙƙi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, na mutumin da ke bayan dabbar ne. Ƙwayar .223 da aka harba sama tana iya haura kilomita 3 kafin ta sauka, kuma duk wanda ta samu, hukuncin kisan kuskure da diyyarsa da kaffararsa suna wuyan wanda ya ja kunama. A Ingila, bisa dokar makamai ta 1968, ba a ba mutum takardar riƙe irin wannan bindiga sai ya kawo dalili karɓaɓɓe, 'yan sanda kuma sukan duba ƙasar da zai yi harbi a kanta su ga ko ta dace da girman harsashin da ya nema. Gwanaye a can ba su harbi sai sun ga tudu ko gangaren ƙasa mai laushi a bayan dabbar, ba su kuma harbin abin da ke tsaye a kan tsauni ko reshe da sarari a bayansa. Idan muka kawo wannan mizani ƙasar Hausa, inda ƙasa take shimfiɗe, busasshiya rabin shekara, gona tana manne da gona, mata suna tsintar itace, yaran Fulani suna kiwo a cikin karan dawa inda ido ba ya kai musu, za mu ga cewa manyan harsasan nan ba su da mazauni a gonakinmu ko kaɗan. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ma ba ta bar abin sakaka ba, bindigar farauta sai da lasisin 'yan sanda, har bindigar toka tana da nata hukunci.

Akwai kuma iyakar da babu harsashin da ke tsallake ta. A 1859 wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki zomaye 24 a gonarsa ta Barwon Park a jihar Biktoriya ta Ostireliya don sha'awar farauta. Kafin a yi shekara 50 sun game mafi yawan nahiyar, an harbe miliyoyi, an gina shingen waya na kimanin kilomita 1,800 a yammacin ƙasar wanda aka kammala a 1907, duk bai hana su ba. Abin da ya karya lagonsu cuta ce da aka sakar musu da gangan a 1950, wadda ta rage su daga kimanin miliyan 600 zuwa kimanin miliyan 100. Dabbar da ke haihuwa da sauri fiye da yadda maharbi ke ɗura bindiga, harbi ba ya gama da ita. Mu ma manyan maƙiyan amfanin gonarmu irin wannan ne: tsuntsun jan baki da ke sauka dubu bisa dubu a fadamun Haɗejiya da gaɓar tafkin Chadi, wanda sai da jirgin sama ake yi masa feshi, da ɓeran rumbu, wanda wani nau'insa ke ɗauke da zazzaɓin da aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, maganinsa kuwa rumbu mai kyau ne da tukunya mai murfi da tarko da kyanwa.

Inda bindiga take da aiki na gaskiya shi ne a kan dabba ɗaya ko 'yan kaɗan da suka koyi hanyar akurki ko garke, irin yanyawar da ta ɗanɗana ɗan rago ta kuma riƙa dawowa kowane dare. Makiyayin Ingila da ke fama da irin wannan, idan makiyayarsa ƙarama ce kuma yana iya kusantarta zuwa mita 150, Hornet ya wadatar da shi. Idan kuwa filin buɗaɗɗe ne har sai ya harba daga mita 200, sai ya ɗauki .223, ya jira ta sauko ƙasan tudu kafin ya ja kunama.