Ƙurar da Ke Jira Shekara Arba'in: Abin da Ya Kamata a Sani Game da Asbesto

A tsakiyar shekarun 1950, Dokta Sleggs, babban likitan wani asibitin masu tarin fuka a garin Kimbali na Afirka ta Kudu, ya lura da wani abu da ya ɗaure masa kai. Majinyata kan zo da ruwa tare a ƙirji, numfashi yana yi musu wuya, jiki yana ta ramewa. Waɗanda suka fito daga gabashin yankin, idan aka ɗora su a kan maganin tarin fuka, sai su warware su koma gida. Wasu da suka fito daga yamma kuwa, wajejen Kuruman da Piriska, maganin ba ya yi musu komai, sai dai a ɗauki gawa.

Amsar ta fito ne daga hannun wani masanin binciken cututtuka, Dokta Wagner. A 1960 shi da Sleggs da abokin aikinsu Marchand suka fitar da rahoton mutum 33 masu wani ciwon daji da likitoci ba su cika gani ba. Mutum 32 daga cikinsu sun taɓa shaƙar ƙurar shuɗin asbesto da ake haƙa a yankin a lokacin. Abin tayar da hankalin shi ne da yawansu ba su taɓa shiga ramin ma'adinai ba. Wasu a kusa da wurin kawai suka zauna, wasu kuma suna yara suka yi wasa a kan tarin ɓaraguzan da masu haƙa suka zubar. Sunan ciwon mesoteliyoma.

Huhun mutum yana lulluɓe da wani siririn tantani mai santsi, wanda ke ba shi damar buɗewa da tsukewa ba tare da ya goga da haƙarƙari ba. Akwai irin wannan tantani a jikin hanji da bangon ciki, akwai shi a zagayen zuciya. A nan ne dajin yake tsirowa, kuma mafi yawa a na huhu. Shi kuwa asbesto dutse ne da ke warwarewa zare-zare. Ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, ga arha, shi ya sa duniya ta ruɗu da shi a ƙarnin da ya wuce: aka zuba shi a siminti aka yi kwanon rufi da silin da bututun ruwa, aka naɗe tukwanen injin jiragen ruwa da shi, aka sa shi a birkin mota. Iri uku aka fi amfani da su, fari da ruwan ƙasa da shuɗi. Shuɗin ya fi muni, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dukkansu suna jawo daji, har da farin da masu sayarwa suka daɗe suna wanke shi.

Idan aka fasa ko aka yanka abin da ke ɗauke da shi, zaruruwan da ido ba ya gani sukan tashi su daɗe suna yawo a iska. Wanda ya shaƙa ba zai ji komai ba, ko atishawa ba lallai ya yi ba. Zaren zai nutsa can cikin huhu, ya ratsa zuwa tantanin, jiki ya yi ta ƙoƙarin narkar da shi ya kasa. Wannan tsokana ta shekara da shekaru ita ce ke lalata ƙwayoyin halittar wurin. Tsakanin shaƙa da bayyanar ciwo akan ɗauki shekara 20 zuwa 50. Saurayin da ya yi aikin rushe gini yana ɗan shekara 20 yana iya fara haki bayan ya aurar da 'ya'ya, a lokacin da ya manta ma ya taɓa yin aikin.

Wannan dogon jinkiri shi ya ba kamfanoni damar yin kunnen uwar shegu. Tun 1924 aka san ƙurar tana kisa, lokacin da Nellie Kershaw, ma'aikaciyar masaƙar asbesto a Rochdale ta Ingila, ta rasu tana da shekara 33 da huhun da ya taurare. Duk da haka sai 1985 Birtaniya ta hana shuɗi da ruwan ƙasa, farin kuma sai 1999. Har yau sama da mutum 2,000 ke mutuwa da mesoteliyoma kowace shekara a ƙasar, da yawansu tsofaffin kafintoci da masu aikin famfo da na wutar lantarki. A Ostireliya an rufe mahaƙar asbesto ta garin Wittenoom a 1966, amma mutuwa ta ci gaba da bin mazaunansa ɗaya bayan ɗaya, har gwamnati ta soke sunan garin daga taswira a 2007. Tarayyar Turai ta haramta asbesto gaba ɗaya a 2005, Afirka ta Kudu a 2008, Kanada a 2018, Amurka kuwa sai a 2024 ta sanar da hana farin. Rasha da Kazakistan da Sin suna haƙarsa har yanzu.

Ciwon bai tsaya kan leburori ba. Shahararren ɗan wasan fim na Amurka, Steve McQueen, da shi ya rasu a 1980 yana da shekara 50. Wani bincike da aka yi a Landan a 1965 kuma ya nuna cewa matan da ke wanke kayan aikin mazajensu su ma suna kamuwa. Mace ta kakkaɓe riga kafin ta jiƙa ta, shi ke nan ta samu rabonta.

A Najeriya maganar ba ta nesa ba ce. Shekaru da dama an yi ta rufa makarantu da asibitoci da barikoki da gidajen ma'aikata da kwano da silin na siminti mai asbesto, har sunan ya zauna a bakin magina: kowane farin allon silin "asbesto" ake ce masa, ko da sabo ne wanda babu zaren a cikinsa. Da ido ba a bambance su, don haka tsohon gini abin zargi ne. Silin da ke zaune lafiya, bai fashe ba, an shafe shi da fenti, haɗarinsa kaɗan ne, kuma barinsa a wurinsa ya fi a taɓa shi ba bisa ƙa'ida ba. Matsalar tana farawa ranar gyara. Kafinta ya hau da guduma ya farfasa, yaro ya bi da tsintsiya ƙura ta turnuƙe ɗakin, a kwashe ɓaraguzan a cike ramin ƙofar gida inda mota za ta yi ta niƙa su, ragowar a yi wa kaji akurki. Kowane mataki a nan kuskure ne.

Idan cirewa ta zama dole, a fitar da iyali daga wurin, a jiƙa allon sharkaf da ruwa, a kwance shi ɗungurungum ba tare da zarto ko injin huda ba. Ƙasa a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share. A naɗe komai a leda mai kauri a ɗaure, a kai inda za a binne shi. Ƙyalle a hanci ko takunkumin asibiti ba sa tare wannan zare, sai takunkumi na musamman mai matata. Kayan da aka yi aikin da su kada su shiga gida. Makanikai ma su daina hure ƙurar birki da baki ko da iskar famfo.

Alamomin ciwon ba su da wani tambari nasu na daban: haki, ciwo a gefe ɗaya na ƙirji, busasshen tari, rama, gumin dare, ko kumburin ciki. Duk waɗannan tarin fuka ma yana kawo su, kuma a ƙasar da tarin fuka ya yi yawa, nan hankalin likita zai fara zuwa, kamar yadda ya faru a Kimbali. Hoton ƙirji yakan nuna ruwa, amma tabbaci sai an ɗebi tsokar tantanin an duba. Sigari ba ta jawo mesoteliyoma, sai dai idan ta haɗu da asbesto tana ninka haɗarin dajin huhu sau da yawa.

Maganin warkewa gaba ɗaya bai samu ba tukuna. Yawancin majinyata ba sa wuce shekara ɗaya zuwa biyu bayan an gano ciwon, ko da yake zuƙe ruwan ƙirji, da allurar kashe daji, da sababbin magungunan zaburar da garkuwar jiki da Amurka ta amince da su a 2020 suna sauƙaƙa numfashi, suna kuma ƙara wa wasu lokaci. Dattijon da aka yi wa maganin tarin fuka bai ji sauƙi ba, kuma ruwa yana ta komawa ƙirjinsa bayan an zuƙe, ya kamata shi ko 'ya'yansa su faɗa wa likita duk sana'ar da ya taɓa yi tun ƙuruciya, ko gini ne, ko aikin kafinta, ko aikin jirgin ƙasa, ko gareji, ko da likitan bai tambaya ba.